Bled ko Bohinj: wane tafki ya fi dacewa a kewaye da ƙafa?

A arewa maso yammacin ƙasar Sloveniya, inda tsaunukan Alps suka gangaro kusa da iyakar Ostiriya da Italiya, akwai tafkuna biyu da tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai kilomita 30 ba, kuma kowannensu yana da hanyar ƙafa da ta zagaye shi, ta yadda mutum zai tashi daga wuri ɗaya, ya bi bakin ruwa, ya dawo inda ya fara ba tare da ya maimaita sawunsa ba. Ɗaya shi ne Bled, wanda hotonsa ya cika intanet da kalandu. Ɗayan kuma Bohinj ne, wanda mutanen yankin ke furta sunansa kusan kamar "Bohin". Baƙon da ya sauka a Ljubljana, babban birnin ƙasar, da kwana ɗaya kacal a hannunsa na yawon buɗe ido, sau da yawa yakan ɗauka cewa duk wanda ya zaɓa a cikinsu ɗaya ne, tunda duka ruwa ne a gindin dutse. Wannan zaton kuskure ne. A Bled ana tafiya ne domin a ga wani abu, a Bohinj kuwa tafiyar kanta ce abin da aka zo yi, kuma wanda bai gane wannan bambancin ba tun kafin ya hau bas yana iya dawowa da ƙorafin da bai kamata ba.

Girman tafkunan ne ya fara raba su. Bled yana da tsawon kimanin mita 2,120 da faɗin mita 1,380, zurfinsa ya kai wajen mita 30, kuma yana zaune a tudun da ya kai mita 475 sama da teku. Hanyar da ta kewaye shi kusan kilomita 6 ce, wadda mai tafiya a natse zai gama cikin awa ɗaya da rabi, ko awa biyu idan yana tsayawa ɗaukar hoto. Bohinj ya ninka shi fiye da sau biyu a faɗin ruwa, domin ya kai hekta 318, tsawonsa ya haura kilomita 4, zurfinsa mita 45, kuma shi ne tafki mafi girma a ƙasar a cikin waɗanda ba ɗan'adam ya haƙa ba kuma ba sa ƙafewa. Kewayensa yana kusantar kilomita 12, wato tafiyar awa uku zuwa huɗu. Duka biyun daskararriyar ƙanƙara ce ta zamanin da ta taimaka wajen fafe gurbinsu, amma abin da mutane suka yi da bakin kowannensu daga baya ya sha bamban.

Bakin Bled gari ne. Tun a shekarar 1855 wani mutumin Siwizalan mai suna Arnold Rikli ya fara karɓar marasa lafiya a wurin yana yi musu magani da iska da rana da wanka, kuma daga lokacin garin ya zama wurin hutun masu hali. Sarakunan Yugoslabiya, tsohuwar ƙasar da Sloveniya ke cikinta a da, sun yi masauki a nan, haka ma shugabanta Tito, wanda gidansa na hutu, Vila Bled, yanzu ya koma otal. Wannan tarihi shi ya sa hanyar kewayen ta zama shimfiɗaɗɗiya, mafi yawanta da kwalta ko daɓe, babu hawa babu gangara in ban da 'yan wurare kaɗan, ga kujerun zama a jere, ga wuraren shan shayi da banɗaki ba nisa da juna. A ɓangaren yamma akwai inda aka shimfiɗa katako a kan ruwa, mutum yana tafiya yana ganin kifi a ƙarƙashin ƙafarsa. Wanda ke tare da mahaifiyarsa mai ciwon gwiwa, ko yaran da ake turawa a keke, ba ya buƙatar dogon tunani, domin Bled ne nasa. Idan gajiya ta kama wani a tsakiyar hanya, akwai keken doki da ke ɗaukar fasinja a bakin tafkin.

Abin da ke riƙe idon mai tafiya a Bled kuwa shi ne tsibirin da ke cikin ruwan, da majami'ar da ke kansa mai doguwar hasumiya, da tsohuwar fadar da aka gina a kan wani dutse mai tsaye kimanin mita 130 sama da tafkin, wadda aka fara ambata a rubuce a shekarar 1011. Daɗin zagayen shi ne yadda waɗannan abubuwa uku ke sauya matsayi yayin da mutum ke tafiya. Daga cikin gari tsibirin yana can nesa, fadar tana dama. Idan aka kai ƙauyen Mlino a kudu sai tsibirin ya matso. Daga yamma kuma sai tsibirin da fadar su jeru, tsaunukan Karavanke su tsaya a bayansu. A Mlino ne ake ganin kwale-kwalen da suke kira pletna, mai shimfiɗaɗɗen gindi da rumfar yadi a sama. Matuƙin ba ya zama. Yana tsaye a baya, da filafili biyu a hannunsa, yana jingina nauyin jikinsa gaba sannan ya dawo, kwale-kwalen na tafiya da mutum kusan ashirin ba tare da ƙarar inji ba. Sana'a ce ta gado a hannun wasu gidaje tun ƙarni na 18. A kan tsibirin akwai matakala 99 da ake hawa zuwa majami'ar, kuma akwai ƙararrawar da baƙi ke kaɗawa, saboda haka mai kewayen tafkin yakan yi ta jin amonta daga tsakiyar ruwa har ya gama tafiyarsa.

Sai dai wannan kyau yana da farashinsa, kuma farashin shi ne jama'a. A watannin Yuli da Agusta, daga hantsi har la'asar, hanyar kewayen tana cika da masu tafiya, da masu keke, da ayarin baƙin da manyan bas suka sauke, har mutum ya riƙa kaucewa kamar yana cikin kasuwa. A wani ɓangare na kudu kuma hanyar ƙafar tana gefen titin mota, kuma wannan titin ne motocin da ke zuwa Bohinj ma suke bi, saboda haka ba ya rabuwa da cunkoso a lokacin hutu. Wanda ya zo neman shiru ba zai same shi da rana ba. Maganin abin shi ne sammako: mutumin da ya fita bayan sallar asuba zai tarar da ruwan a kwance, hazo na tashi daga kansa, kuma yawanci ba wanda zai gamu da shi sai masu motsa jiki da 'yan wasan tseren kwale-kwale da ke atisaye, domin Bled ya karɓi gasar duniya ta wannan wasa har sau huɗu, a 1966 da 1979 da 1989 da 2011.

Akwai wani abu kuma da ya kamata mai zaɓe ya sani. Hoton nan da ya shahara, wanda ake ganin tsibirin daga sama kamar ɗigo a tsakiyar ido, ba daga hanyar kewayen ake ɗaukarsa ba. Sai an bar bakin ruwa a yamma, kusa da sansanin masu kwana a tanti na Velika Zaka, an hau tudun Ojstrica mai tsayin mita 611, wanda hawansa ke ɗaukar kimanin minti ashirin, ko kuma Mala Osojnica mai mita 685, wanda ya fi tsawo kuma yana da wata matakalar ƙarfe mai tsaye sosai. Hanyoyin nan gajeru ne amma suna da tsauri, ga duwatsu da saiwoyi, ga santsi bayan ruwan sama. A ganina mai lafiyar ƙafa da ya kewaye Bled bai hau ɗaya daga cikin tuddan nan ba ya yi rabin aiki ne, domin kewayen shi kaɗai bai wuce yawon shan iska ba.

Bohinj wani abu ne dabam tun daga isowa. Yana cikin gandun ƙasa na Triglav, wanda aka sa wa sunan tsauni mafi tsayi a Sloveniya, mai mita 2,864, kuma aka kafa shi a siffarsa ta yanzu a 1981, ko da yake an fara kare wani yanki nasa tun 1924. Dokar gandun ta taƙaita gine-gine, saboda haka babu gari a bakin ruwan, sai ƙananan ƙauyuka: Ribčev Laz a ƙarshen gabas inda bas ke sauke mutane, Stara Fužina a ɗan gefe, da Ukanc a ƙarshen yamma inda kwarin ya toshe, tsaunuka suka tare gaba. A Ribčev Laz akwai gadar dutse a daidai inda ruwa ke fita daga tafkin, da tsohuwar majami'a a gefenta mai zane-zanen bango na ɗaruruwan shekaru, da mutum-mutumin wata dabbar tatsuniya mai kama da akuyar dutse, mai ƙahon zinariya, wadda suke kira Zlatorog. Duk wanda ya jingina da gadar ya leƙa ƙasa zai ga kifaye sun yi cirko-cirko suna fuskantar inda ruwan ke fitowa, kowace tsakuwa a ƙarƙashinsu ana iya ƙirga ta saboda tsabtar ruwan.

Hanyar kewayen Bohinj rabi biyu ce da ba su yi kama da juna ba, kuma a nan ne zaɓin ya fi buƙatar natsuwa. Rabin arewa shi ne zuciyar tafiyar. Bayan an tsallaka gada ana ratsa wani fili mai ciyawa inda ake ganin tafkin gaba ɗaya a miƙe, sannan hanyar ta shige daji a gindin tsaunin Pršivec, ta tsuke, ta koma turba. Babu mota a wannan gefen, babu kanti, babu gida na tsawon kilomitoci. Ƙasan ba daɓe ba ne: saiwoyin itatuwa sun fito sun harɗe, duwatsu sun tsattsaya, a wasu wurare kuma ana bi ta kan tsakuwar da ta zubo daga saman tsauni. Hawa da sauka kaɗan ne, ba abin da zai sa mutum haki ba, amma ido dole ya kasance a ƙasa, kuma takalmi mai santsin ƙasa ko silifa ba su da wuri a nan. Nan da can turbar tana sauka zuwa wasu 'yan ƙananan gaɓoɓi masu farar tsakuwa inda mutum zai zauna ya ci guzurinsa, ba ya jin komai sai motsin ruwa da kukan tsuntsaye. Launin ruwan a wannan gefen yana sauyawa daga fari a baki zuwa kore, sannan ya koma shuɗi mai duhu inda zurfi ya fara.

Rabin kudu bai kai wannan ba, kuma gara a faɗi hakan a fili. Titin motar da ke zuwa Ukanc a wannan gefen yake, kuma ko da yake akwai hanyar ƙafa, ƙarar motoci ba ta nisa da ita. Wannan ne dalilin da ya sa mutane da yawa ba sa rufe zagayen da ƙafa. Sukan bi arewa daga Ribčev Laz zuwa Ukanc, kimanin awa ɗaya da rabi zuwa biyu, sannan su dawo a jirgin ruwa mai aiki da lantarki da ke zirga-zirga tsakanin ƙarshen biyu a watannin da baƙi ke zuwa. Wannan dabara tana rage tafiyar zuwa abin da bai fi kewayen Bled tsawo ba sosai, kuma tana ba mutum damar ganin tsaunukan daga tsakiyar ruwa. Wanda ya dogara da jirgin sai ya duba lokacin tashinsa na ƙarshe tun kafin ya fara tafiya, domin a hunturu ba ya aiki, kuma ko a lokacin da yake aiki ba ya kai wa dare.

Daga Ukanc ne kuma Bohinj ke nuna fifikonsa ga mai son ƙari. Kimanin kilomita 4 daga nan akwai Savica, inda ruwa ke ɓullowa daga jikin dutse ya zubo daga tsayin mita 78, kuma shi ne babban abin da ke ciyar da tafkin. Ana biyan kuɗin shiga, kuma ana hawan matakala fiye da 500 kafin a kai gare shi, saboda haka wanda ya haɗa shi da cikakken zagaye ya shirya wa yini guda cur. Kusa da Ukanc ɗin ne ma ake hawa motar da ke rataye a igiyar ƙarfe zuwa Vogel, a tsayin mita 1,535, inda ake ganin tafkin a ƙasa da jerin tsaunuka a gaba ba tare da an yi gumi ba. Abin da Ojstrica ke ba mai ƙarfin ƙafa a Bled, Vogel yana ba kowa a Bohinj, sai dai da kuɗi. A watan Satumba kuma ana yin bikin saukowar shanu a Ukanc, lokacin da makiyaya ke gangaro da garkensu daga makiyayar saman tsauni kafin sanyi ya shigo, an yi wa shanun ado, ana sayar da cuku da sauran kayan nono. Wanda ya san yadda makiyaya ke bin ciyawa daga yanayi zuwa yanayi ba zai ga baƙon abu a nan ba, sai dai su hawa da sauka suke yi a kan tsauni ɗaya.

Yanayi ma yana shiga lissafi. Kwarin Bohinj yana cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a ƙasar, kuma a lokacin zafi hadari yakan haɗu da rana tsaka ko bayan azahar, ya sauko da tsawa. A Bled idan ruwa ya tsuge mutum zai fake a wani shago cikin 'yan mintoci, amma a turbar arewacin Bohinj babu mafaka, kuma saiwoyin da suka jiƙe suna da santsi ƙwarai. Rigar ruwa mara nauyi da gorar ruwan sha ba abin bari ba ne a can. Haka kuma dazuzzukan Sloveniya suna da kaska da ke ɗauke da cututtuka, saboda haka dogon wando ya fi, kuma a duba jiki da kyau bayan an dawo masauki. Ruwan Bled ya fi ɗumi, saboda akwai maɓuɓɓugan ruwan ɗumi da ke shiga cikinsa, na Bohinj kuwa daga tsauni yake zuwa, ko alwala aka yi da shi da safe sai an ji a jika. Watannin Mayu da Yuni da Satumba sun fi daɗin tafiya a duka biyun. A ƙarshen Mayu zuwa farkon Yuni filayen Bohinj suna cika da furannin daji, har akwai bikin da ake yi dominsu.

Batun isa wurin bai raba su sosai ba. Bled yana da nisan kimanin kilomita 55 daga Ljubljana, kuma bas ɗin da ke zuwa Bohinj ta cikin Bled yake wucewa, sai ya ƙara wajen minti arba'in. Filin jirgin saman ƙasar ya fi kusa da Bled. Sloveniya tana cikin yankin Shengen tun 2007 kuma tana amfani da kuɗin yuro, saboda haka ɗalibi ko ma'aikacin da ke zaune a Italiya ko Ostiriya ko Jamus da takardunsa na zama zai iya zuwa a ƙarshen mako ba tare da neman wata biza ba. Wajen abinci Bled ya fi yawan zaɓi, kuma yana da wani kek mai kirim da ya yi suna da shi tun 1953, wanda suke kira kremšnita. Naman alade ya yi yawa a girkin yankin, har a miya da tsiran da ba a zata ba, saboda haka Musulmi zai fi samun kwanciyar hankali da kifi, wanda ake samu a bakin tafkunan biyu, ko kuma ya tambaya kafin ya ci. Masallacin Ljubljana, wanda aka buɗe a 2020, shi ne wurin da mai son Juma'a zai nufa. A bakin tafki kuwa samun kusurwar da za a shimfiɗa darduma cikin sirri ya fi sauƙi a Bohinj nesa ba kusa ba.

Idan aka ce in zaɓa wa mutum mai lafiya, wanda tafiyar awa uku ba ta ba shi tsoro kuma yake da yini guda, Bohinj zan nuna masa, ya fara da gefen arewa da safe tun rana ba ta yi sama ba, ya bar wa ƙafarsa ta yanke shawarar dawowa da jirgi ko ƙarasa zagayen idan ya isa Ukanc. Bled zan bar wa mai rabin yini, da mai tafiya da tsofaffi ko ƙananan yara, da wanda ya san cewa ba zai gamsu ba sai ya ga tsibirin nan da idonsa, kuma wannan buri ba abin raini ba ne, domin wurin ya kai yadda ake faɗa. Kuskuren da na fi jin tsoro shi ne na wanda zai ce zai haɗa zagayen biyu a rana ɗaya. A takarda abin yana yiwuwa, kilomita 18 ne da tafiyar mota ta rabin awa a tsakani, amma zai isa Bohinj da rana tsaka a gajiye, a daidai lokacin da hadari ke haɗuwa, ya bi turbar da ke buƙatar natsuwa yana duba agogo. Mai kwana biyu ya kwana a Bled, ya kewaye shi da asuba ya hau Ojstrica kafin bas ɗin baƙi na farko ya iso, sannan da rana ya wuce Ribčev Laz ko Stara Fužina ya kwana, washegari ya ba Bohinj yininsa cikakke.